Ko bidiyo zai taimaka wajen yi wa marasa lafiya bayani a emajensi?

Nas_Mai_Dutin_Dare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a emajensi na wani asibitin gwamnati, kuma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne lokacin sallama. Likita zai yi bayani a gurguje saboda ga layi a waje ga wani an shigo da shi jina-jina, mara lafiya yana ta "to likita, to likita" amma kana kallon idonsa ka san babu abin da ya shiga. Takardar da muke ba su da Turanci take, da yawa kuma ajami suka iya ba boko ba. Kwana kaɗan sai a dawo da mai asma numfashi ya sake sarƙewa, ka ce nuna min yadda kake shaƙar inhela sai ka ga fesawa kawai yake a baki ya furzar. Shi ne nake tunanin gajeren bidiyo da Hausa da za a nuna musu a waya kafin su tafi. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

DaktaZazzau:
Wa alaikumus salam Sista. Yana aiki sosai amma a kan abin da ake nunawa da hannu. Inhela misali, a girgiza, a fitar da numfashi, a danna ana jan iska a hankali, a riƙe kamar sakan 10, wannan in mutum ya gani sau ɗaya ya fi a faɗa masa sau biyar. Haka haɗa ORS, wato ruwan gishiri da sukari na mai gudawa, ƙulli ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsafta, da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14 wanda iyaye ke dainawa da zarar gudawa ta tsaya. Ko wanda ya buga kai a haɗarin babur muka sallame shi, dole 'yan gida su san in ya fara amai akai-akai ko barci mai nauyi ko surutai a dawo da shi ko tsakar dare ne. Amma mutumin da ke murƙususun ciwo ba zai kalli komai ba, mai jinyarsa za ki nuna wa. Mummunan labari kuma baki da baki ake faɗa, ba a miƙa wa mutum waya. In sun gama kallo ki ce su maimaita miki da bakinsu, a nan za ki gane wanda ya fahimta.

Maman_Sikila:
Wallahi Sista ki yi, Allah ya ba ki lada. Yarona sikila gare shi, kuma matsalar ba a asibiti take ba a gida take, ni na ji bayanin likita amma in na koma sai kakarsa ta ce zazzaɓi ne kawai a jiƙa masa magani, alhali an gaya min zazzaɓi ga mai sikila ba a kwana da shi. Da ina da bidiyon a waya da sai in kunna mata ta ji da kunnenta. Don Allah ku sa yadda ake taɓa ciki a duba saifa, an nuna min amma hannuna bai zauna ba har yanzu.

Abu_Famasi:
Ni ina da ja kaɗan. Emajensi hayaniya ce, kuma ba kowa ke da babbar waya ko data ba, sai dai a tura ta Xender ko Bluetooth. Babban tsorona shi ne WhatsApp, za a tura bidiyon mai asma ga mai ciwon zuciya don shi ma yana haki ya je kemis ya sayi inhela. A faɗa tun a farkon bidiyon wa aka yi wa. Kuma kar a ɗauki fuskar mara lafiya ko da ya ce ya yarda, yana cikin halin da ba zai iya cewa a'a ba, ma'aikata su yi wasan da kansu.

Nas_Mai_Dutin_Dare:
Na gode ƙwarai. Malam Abu maganarka ta WhatsApp ta shige ni, za mu sa gargaɗin a farko. Zan kai wa shugaban sashenmu mu fara da inhela da ORS, kowanne kar ya wuce minti 2. Maman yaro na rubuta batun saifa, amma kafin nan in kun je kilinik ki ce a sake kama hannunki a nuna miki. Dakta, muryar mace ko ta namiji ka ga an fi saurara a ɓangaren yara?