Neman kalma: yoyo ne ko fallasa?

Malamai da 'yan'uwa, ina neman shawararku a kan abin da Turawa ke kira information leak, wato fitar bayanai zuwa ga wanda bai kamata ya gan su ba, musamman irin wanda ke faruwa a manhajar da ke sarrafa na'urar Wi-Fi ta kwamfuta. Na gwada yi wa ɗalibaina bayaninsa a nan ƙauyenmu na ƙasar Ringim, sai na ga kalmar da zan ɗora bayanin a kai ce ba ni da ita.

Ita wannan manhaja direba ake kiranta, amma da na faɗi haka sai yara suka hango mai tuƙa motar Gujungu. Na fi son a ce tafinta, domin aikinta shi ne ta tsaya tsakanin babbar manhaja, kamar Linux ko Windows, da ƙarfen na'urar, tana isar da saƙon wannan ga wancan.

Ga yadda matsalar take. A ƙa'idar Ethernet, wato tsarin da kwamfutoci ke bi wajen aika wa juna saƙo, kayan da ke cikin kowane ƙunshin saƙo ba za su gaza bayit 46 ba (bayit ma'aunin girman bayanai ne), saboda haka idan saƙo ya yi gajarta dole a yi masa ciko, kuma sifili zalla ya kamata a cika da shi. To, wasu tafintocin ba sa goge wurin, sai su aika da duk abin da suka tarar a ma'adanar kwamfuta, wanda yana iya zama guntun wani saƙo da ya wuce. A 2003 aka bayyana wannan aibi da sunan Etherleak, kuma a 2005 aka sake samun irinsa a tafintan na'urar Wi-Fi mai suna Orinoco a Linux. Kwatankwacinsa mutumin da ya zuba wake a buhun da bai kakkaɓe ba, mai saye ya je gida ya zazzage ya ga ƙwayoyin gero a gindi, ya gane abin da ke rumbun mai sayarwa.

Wani abokin aikina ya kawo fallasa, wani kuma kwarmato. Ban gamsu da su ba, domin duka biyun suna ɗauke da niyya, akwai wanda ya ƙudiri tona asiri, alhali nan sakaci ne na wanda ya rubuta manhajar. Yoyo ya fi dacewa, tun da kaɗan-kaɗan yake ɗiga, mai abu bai sani ba, kamar rufin soro a tsakiyar damina. Na san yana da nasa rauni, domin bokitin da ke yoyo ruwansa raguwa yake yi, bayanai kuwa suna nan yadda suke, kwafinsu ne ya fita.

Duk da haka ni yoyon bayanai na zaɓa ga matsalar gaba ɗaya, sannan yoyon ciko ga wannan nau'in na buhun da ba a kakkaɓe ba. Wanda yake ganin tsiyaya ta fi yoyo kama ma'anar, ya kawo hujjarsa mu duba kafin in rubuta wa ɗalibai a allo ranar Litinin.