Neman shawara: canje-canjen manhaja a wurin aiki sun kai ni bango

Assalamu alaikum ƴan uwa na wanga zaure. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ni ne mai kula da kwamfutoci a reshen wani kamfani nan Maradi, muna sayen riɗi da wake da aya muna lodi, babban biro ɗinmu yana Yamai, can ne ake yanke komi mu sai dai mu wayi gari mu gani. Wallahi na gaji. Da Skype muke magana da su, anka rufe shi watan Mayun 2025 munka koma Teams, to wannan ba laifin kowa ba ne, amma kafin mutane su zauna da shi sunka canza muna manhajar sito, kafin a gane wannan sunka canza ta faktir, sannan ga maganar Windows 10 da anka daina tallafa ma ranar 14 ga Oktoban 2025, sunka ce kowa ya hau Windows 11 alhali mafi yawan injinanmu tsofaffi ne ba su da abin nan TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro na cikin inji, da take nema, kuma ba a aiko da kuɗin sabbi ba. Ga lambar sirri da ake ta sa mu sakewa, ga kod da ake turowa a waya wanda in rezo ba ƙarfi sai ya iso bayan lokacinsa ya wuce.

Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne Baba mai sito. Dattijo ne, ya girme ma mahaifina, amana gare shi ba a magana. Yana da wani ɗan littafi mai bangon shuɗi da ya zana komi a ciki da hannunsa, danna koren nan na hagu, sai ka sa lambar mota, sai ka danna na ƙasa. Da shi yake aiki lafiya lau. Ranar da anka sake manhajar ba sanarwa, kamiyo sun yi layi tun daga bakin sikeli har titi, direbobi na jiran takardar fita, na tarad da shi zaune yana ta juya shafukan littafin yana duban allo, babu ko ɗaya da ya yi daidai da abin da ya zana. Ya ce mani "ɗana, ko dai lokacin tafiyata gida ne ya yi?" Har yanzu maganar ba ta bar ni ba. Kuma duk wanda ya fusata ni yake nema, ana cewa yaron nan ya sake taɓa muna inji, alhali ni ma da safe nake gani kamar kowa.

Shawara nike nema. In kashe mizajur ɗin nan, wato sabuntawar da Windows ke yi da kanta, gaba ɗaya a injinan reshenmu in huta? Ko in rubuta ma Yamai, kuma ta yaya ba tare da an ce na yi rashin kunya ba? Ko in ajiye aikin in buɗe shagon gyara, don zuciyata ta fara raya mani hakan.

Mai gyaran kwamfuta, unguwar Zariya:
Abokina kashe shi kawai. Ni duk injin da ya shigo shagona abu na farko da nike yi ke nan, mutane na da megas kaɗan abu ya zo ya shanye masu cikin dare. Inji in yana aiki a bar shi yadda yake.

Injiniyan rezo, ɗan Maradi mazaunin Yamai:
Malam mai gyara ka yi haƙuri amma wannan shawarar za ta iya jawo masa kora. Kwamfutar gida daban, ta kamfani mai kuɗin mutane a ciki daban. Ka tuna WannaCry a watan Mayun 2017, ƙwayar da ta kulle injina a ƙasashe wajen 150 har asibitocin Ingila sunka riƙa maida marasa lafiya gida, alhali maganin ramin da ta bi an fitar da shi tun watan Maris, waɗanda ba su sa ba su ta ci. Kuma ban ce a karɓi komi ido rufe ba, don ranar 19 ga Yulin 2024 sabuntawa guda ta kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ta durƙusar da injinan Windows kusan miliyan 8.5, jirage sunka kasa tashi, bankuna sunka tsaya. To ka ga kowane gefe da haɗarinsa, abin yi shi ne kai ka riƙe lokacin da abu zai shigo.

Ƙanena mai tambaya, ka raba abu biyu a kanka. Akwai gyaran tsaro, wannan Microsoft na fitar da shi Talata ta biyu ta kowane wata, sananne ne, kana iya shirya masa. Akwai kuma canjin fuska da canjin manhaja sukutum, wannan shi ke wahal da su Baba kuma shi ne ake iya ja da shi. In Yamai ba su kulle maka saitin ba, Windows na barin ka dakatar da sabuntawa har mako biyar, kuma kana iya sa mata awannin aiki don kar ta sake kunna kanta ana tsakiyar lodi. Ka ware inji guda wanda ba na kashiya ba ba na sito ba, shi zai fara karɓa, ka buga faktir da shi ka gwada firinta da sikeli, in kwana biyu uku sun wuce lafiya sai ka saki sauran ranar Asabar da yamma. Akwai wani saiti kuma da ke sa injinan biro guda su raba abin da ɗaya ya sauke tsakaninsu, zai rage maka cin intanet sosai. Kuma kar ka yarda a yi sabuntawa ba ondilar, wato akwatin batir mai riƙe wuta, a jikin inji, wuta ta ɗauke ana tsakiya yana iya kashe Windows gaba ɗaya, ka san halin wutarmu lokacin zafi.

Maganar tsofaffin injina, akwai tsarin biyan kuɗi na ƙarin tsaro ga Windows 10, na kamfanoni dalar Amurka 61 ne kowane inji a shekarar farko kuma yana ninkawa kowace shekara har uku. Ka yi masu lissafin wannan gefe da kuɗin sabon inji ka tura, manya lamba suke ji.

Sakatariya a wata ma'aikata, Ali Ɗan Sofo:
Ni dai bari in faɗi ta ɓangarenmu masu zama gaban allon. Ba canjin ne ke ba mu haushi ba kamar a bar mutum ya ji kunya gaban jama'a, mutum na tsaye kanka yana jiran takarda kai kana neman inda maɓalli ya koma. Kuma formasiyon da ake yi muna ta bidiyo daga Yamai da Faransanci mai gudu, rezo na yankewa, wa ya fahimci wani abu? Namu yaron abin da yake yi, kuma Allah ya yi masa albarka, yana ɗaukar allon da wayarsa minti biyu yana bayani da Hausa, ga inda yake da, ga inda ya koma, ya tura muna a WhatsApp. Ina kallo a gida ina girki, gobe in zo na riga na sani. Ka yi ma Baba haka, kuma ka zauna da shi ku sake zana littafin nan tare da hannunsa, kar ka buga masa a takarda ka miƙa, nasa zanen shi ya fi ganewa. Wani abu kuma, a Windows 11 maɓallin farawa da ya koma tsakiya ana iya maida shi hagu inda aka saba, ni ranar da anka maida mani ji na yi kamar an dawo da ni ɗakina.

Mai tambaya:
Hajiya na gode ƙwarai, maganar bidiyon nan ta shige ni, kuma Baba yana da WhatsApp jikokinsa sun sa masa. Yaya injiniya, dakatarwar a kulle take daga can, na duba. Ke nan dole sai na yi magana da su, kuma nan ne nike jin tsoro.

Tsohon kontabul mai ritaya, Sabon Gari:
Ɗana, ka saurare ni. Na ga irin wannan tun muna rubutu a manyan rajista har anka kawo kwamfuta, na ga lokacin da tsarin lissafin SYSCOHADA da anka gyara ya fara aiki a Janairun 2018, kowa ya yi gumi amma an sanar da mu tun da wuri shi ya sa munka tsallake. Abin da ke damunku rashin sanarwa ne da rashin duba lokaci. Wanda ke zaune Yamai cikin sanyin kilim bai san mi ake nufi da kaka a Maradi ba, bai san daga Oktoba zuwa Disamba sito ba ya numfashi ba, kuma ba mugunta ba ce, ba wanda ya gaya masa.

Kar ka rubuta da sunanka kai kaɗai, kuma kar ka rubuta kana cikin fushi. Ka je wurin shugaban reshenku da takarda guda, ka rubuta ranar da abin ya faru, awa nawa aiki ya tsaya, mota nawa ta kwana ba a sallame ta ba, nawa anka biya na jira. Shi zai sa hannu ya aika, kai ka tsaya a bayansa. Abin da za ku roƙa kaɗan ne kuma ba mai ƙin sa: a sanar da ku mako biyu kafin kowane babban canji, kar a taɓa komi a satin ƙarshen wata lokacin rufe lissafi da biyan albashi, kar a sake manhajar sito cikin kaka, kuma a ba ka ikon gwadawa a inji guda tukuna. In ka ce masu canji ya yi yawa za su ce kai ne ba ka son ci gaba, in ka nuna masu kuɗin da ya zube za su kira ka da kansu. Batun ajiye aiki kuwa ka bar shi yanzu, ba a yanke irin wannan da gajiya a jiki, kuma in ka tafi wa zai zauna da dattijon nan?

Mai gyaran kwamfuta, unguwar Zariya:
To na ji, na kamfani daban ne. Amma maganar ondilar gaskiya ce, ka duba baturansu, yawanci sun mutu ana ganin fitila kore ana zaton lafiya. In kana so ka kawo in gwada maka su.

Wata mai karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo:
Yaya don Allah in ka yi bidiyoyin, waɗanda ba sirrin kamfani a ciki ka sako muna nan, mahaifiyata ma abin da take fama da shi ke nan a wurin aikinta.

Mai tambaya:
Baba kontabul na gode, Allah ya ƙara girma. Akwai rajistan mai gadi da ake rubuta shigar kowace mota da fitarta, daga nan zan ciro awannin ranar nan in kai ma shugaban reshe ranar Litinin. Malam mai gyara zan aiko da ondilar ɗin kashiya da na sito gobe bayan la'asar. Ƙanwata zan sako insha Allah, na farko na maida maɓallin farawa hagu ne.