Ruwan rijiyoyinku na noman rani ya yi ƙasa, ko a wajenmu ne kawai?

Manomin Fadama: Salam 'yan uwa, don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Ni daga yankin Haɗeja nake, zamanin babanmu gaba uku ka tarar da ruwa har da jigo ake ban ruwa, amma bana tun Maris injina ya fara jan iska, tumatir na tsaka da fure ruwa ya ɗauke, wallahi ko barci ban iya yi ba. Dattawa sun ce tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974 aka ƙara na Challawa a 1992 ambaliyar da ke shayar da ƙasar ta ragu.

Ɗan Tabelot: Allah ya mayar da alheri Malam. Mu ma masu albasa a Ayar ta Nijar haka ne, da raƙumi ke jan guga, yanzu kowane lambu da injinsa, maƙwabcinka na tayar da nasa da asuba kai kafin hantsi laka za ka tarar. Sau biyu na ƙara zurfin tawa.

Ɗalibar Ilimin Ruwa: Baba sannu, ni abin da nake aiki a kai kenan a makaranta. Akwai tagwayen tauraron ɗan'adam, GRACE, na Amurka da Jamus, an harba su 2002 suka yi aiki har 2017, aka harba magadansu kuma 2018. Ba hoto suke ɗauka ba fa, nauyin ƙasa suke aunawa, ɗaya na bin ɗaya da tazarar kamar kilomita 220, in ruwan wani yanki ya ragu nauyinsa ya ragu sai tazarar ta ɗan canza. Da su aka gano yadda ban ruwan alkama da shinkafa ke zuƙe ruwan Punjab da Haryana a Indiya. Matsalar dai idonsu faffaɗa ne, ɗaruruwan kilomita suke haɗawa wuri guda, ranar da na buɗe taswirar yankinmu ban ga alamar raguwa ba alhali rijiyar gonar kawuna ta ƙafe, abin ya dame ni sosai.

Tsohon Ɗan Saudiyya: Shekara huɗu na yi a gonar ciyawar dabbobi wajen Jauf, gonaki zagayayyu kore shar a tsakiyar rairayi, ruwan kuma tsohon ruwa ne da ba ya dawowa. Da idona na ga an ƙara fayif a bohol har sau uku, daga baya maigidan ya kashe gona ɗaya.

Manomin Fadama: To 'yata ya za mu yi, tunda na sama bai ganin tawa?

Ɗalibar Ilimin Ruwa: Ku samu igiya ku ɗaura mata dutse Baba, duk Juma'a da asuba kafin a tayar da inji ku auna daga bakin rijiya ku rubuta a littafi da kwanan wata. Irin wannan lissafin ne muke rasawa in za mu gwada da na tauraron.

Manomin Fadama: Na ji. Zan ba ƙaramin ɗana littafin, ya fi ni rubutun boko.