Cire ƙarin fituwitari ta hanci: me ake sa wa ido bayan tiyata?

Sista ta ɗakin maza: Assalamu alaikum, likitoci da 'yan uwa ma'aikatan jinya. Ina neman ƙarin haske kan tiyatar da ake cire ƙarin da ya fito a glandar fituwitari, 'yar glandar nan ta cikin kai mai fitar da sinadaran jiki, ta cikin hanci da endoskof, wato siririn bututu mai kyamara, ba tare da an buɗe ƙoƙon kai ba. Ta ina ake bi har a kai wurin? Kuma in an dawo da mara lafiya gado, tunda babu ɗinkin da za a duba a waje, me mai jinya za ta sa wa ido?

Likitan hanci da kunne: Wa alaikumus salam, Sista. Glandar tana zaune ne a wani ɗan gurbin ƙashi a tsakiyar ƙasan ƙoƙon kai. Ƙarƙashin gurbin akwai kogon iska, sifenoyid, wanda ƙofarsa take can ƙuryar hanci, kamar santimita 7 daga bakin hanci. Hanya dama tana nan, faɗaɗa ta kawai ake yi. Tun 1997 likitoci Jho da Carrau na Pittsburgh a Amurka suka nuna cewa endoskof kaɗai ya isa wannan aikin.

Endoskof ɗin kaurinsa milimita 4, tsawonsa santimita 18. Mutum biyu ke aikin: ɗaya riƙe da kyamara yana wanke idonta, ɗaya yana aiki da hannu biyu. Da farko a cusa auduga jiƙe da adiranalin don jini ya ragu. A nemo ƙofar kogon, a cire bangonsa na gaba da ɗan ƙarshen shamakin da ya raba ƙofofin hanci. Sai a goge ƙashin gurbin da inji har ya yi siriri kamar ɓawon ƙwai, a ɗaga shi, a tsaga tantanin da ke ciki. Wajen kwasar ƙarin, ƙasa ake fara yi, sai gefe da gefe, sama ita ce ƙarshe. Wanda ya fara da sama, tantanin da ke rufe da gurbin zai zubo masa ya tare gani, ya bar ragowar ƙari a lungu.

Abin tsoro shi ne manyan jijiyoyin jini na karotid, ɗaya a kowane gefe. Shamakin da ke cikin kogon sau da yawa ba ya tsakiya, wani lokaci ma a kan ƙashin da ya lulluɓe karotid yake ƙarewa. Shi ya sa ba a murɗe shi a karya, goge shi ake yi, kuma sai an yi nazarin hoton CT tukuna.

Likitan ƙwaƙwalwa: Sista, abu na farko shi ne hanci. In tantanin sama ya huje, ruwan ƙwaƙwalwa zai riƙa yoyo. Ana toshe wurin da kitsen ciki ko na cinya. In ramin babba ne, a ɗaye fatar shamakin hanci tare da jijiyar da ke ba ta jini, a shimfiɗa a kai. Likitoci Hadad da Bassagasteguy na Ajantina ne suka fito da wannan dabarar a 2006, kuma ta rage yoyon ƙwarai.

Majinar bayan tiyata tana da kauri da ɗan jini. Ruwan ƙwaƙwalwa kuwa garau yake kamar na famfo, yana ɗiga in mutum ya sunkuya, yana jin gishiri-gishiri a maƙogwaro, kansa yana ciwo in ya tashi zaune. Kada a ce mura ce. In zazzaɓi da sanƙarewar wuya suka biyo baya, sanƙarau ke nan. A duba ganinsa akai-akai kuma: in ya fara dusashewa cikin awoyin farko, jini ne ya taru yana danne jijiyar gani, komawa ɗakin tiyata ake yi nan take.

A ɗaga kan gado digiri 30. Mako 4 zuwa 6 ba face majina, ba yunƙuri a banɗaki, ba ɗaukar kaya mai nauyi, atishawa kuma da baki a buɗe. Abin da ake yawan mantawa a faɗa wa mutanenmu shi ne alwala da sujada: ya dakata da shaƙa ruwa da facewa, ya yi salla a zaune da nuni har likita ya sallame shi. Robar ciyarwa ta hanci kuwa, kada wanda ya kuskura ya zura masa. Tana iya zarcewa cikin kai.

Likitar sinadaran jiki: Bayan hanci, sai fitsari. Ɓangaren baya na glandar ne ke sakin sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa. In an taɓa shi, fitsari zai ɓalle a kwana ɗaya ko biyun farko. A auna duk awa. In ya haura mililita 300 a awa har awa 2 ko 3 a jere, fari fat, ga ƙishirwa, a auna sodiyam, wato gishirin jini. Ya wuce 145, a sanar da likita don a ba mara lafiya desmofiresin, maganin da ke maye gurbin wannan sinadarin, amma sau ɗaya tukuna, a gani. Dalili kuwa, wajen kwana na 5 zuwa 9 lamarin yana juyewa: jiki ya riƙe ruwa, sodiyam ya faɗi, mutum yana gida sai amai, ciwon kai da ruɗewa. Don haka a sake auna jini a kwana na 7 ko da ya ce garau yake. Kasala da faɗuwar awon jini kuma alamar ƙarancin kotizol ce, wani sinadarin da glandar ke sa jiki ya fitar, haidirokotizon ne maganinta, kuma ba a jinkiri.

Af, kafin ma a yi zancen tiyata a auna firolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono. Ƙarin da ke fitar da shi yawanci ƙwayar maganin kabagolin ke sa ya ƙanƙance, ba sai da tiyata ba.

Sista ta ɗakin maza: Allah ya ƙara sani. To ya zan gane fitsarin ba na ƙarin ruwan da aka yi masa a tiyata ba ne?

Likitar sinadaran jiki: Na ƙarin ruwa yana ja da baya da kansa cikin 'yan awoyi, mutum ba ya ƙishirwa, sodiyam kuma ba ya hawa. Ki auna nauyin fitsarin: ƙasa da 1.005 tare da sodiyam mai hawa, daga glandar ne. Ki duba sukari ma, don haidirokotizon yana ɗaga shi, shi ma yana sa yawan fitsari.