Shin ya dace in ɗaure laburarena ga takamaiman sigar kunshin da ya dogara da su?

Sabon_Ɗalibi:
Assalamu alaikum. Na rubuta ƙaramin laburare (tarin lambobin shiri da wasu za su yi amfani da shi a manhajojinsu) na yaren shirye-shirye na Python, wanda ya dogara da wasu kunshi biyu, NumPy (na lissafi) da requests (na tuntuɓar intanet). A cikin pyproject.toml, fayil ɗin da ake rubuta bayanan laburaren, na ƙayyade sigar kowannensu da alamar == (wato wannan siga kaɗai), domin da su na gwada aikina har na gamsu. Sai ga shi wani mai amfani ya sanar da ni cewa pip, shirin da ke girka kunshin Python, ya ƙi girka laburaren, saboda manhajarsa tana buƙatar sigar requests da ta fi tawa sabunta. Don Allah ina kuskurena yake?

Tsohon_Magini:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ɗauki laburare kamar manhaja, alhali hukuncinsu ya bambanta. Manhaja ita ce ƙarshen layi, babu mai ɗora wani gini a kanta, saboda haka ya dace mai ita ya kulle kowace siga. Laburare kuwa zama yake yi tare da wasu kunshi da yawa, kuma Python ba ya karɓar siga biyu ta kunshi ɗaya a muhalli guda, saɓanin npm, mai girka kunshin JavaScript, da ke iya ajiye kowacce a wurinta. Tun daga sigar pip ta 20.3 da ta fito a ƙarshen 2020, pip yana duba sharuɗɗan dukkan kunshin kafin ya girka, idan suka ci karo da juna sai ya tsaya. Shawarata ita ce ka rubuta mafi ƙanƙantar sigar da ka gwada da alamar >= (wato wannan siga ko wadda ta fi ta sabunta), sannan ka ajiye takamaiman lambobin a wani fayil dabam da za ka riƙa gwaji da shi.

Malama_Mai_Gwaji:
Na yarda da Malam game da requests, amma ina da ja a kan NumPy. Da siga ta 2.0 ta fito a watan Yunin 2024, an cire wasu sunaye da aka daɗe ana amfani da su, kuma kunshin da aka harhaɗa da tsohuwar siga suka daina aiki har sai da aka sake harhaɗa su. Waɗanda suka sa iyakar sama, wato sigar da ba za a wuce ta ba, tun da wuri sun tsira daga wannan wahala.

Tsohon_Magini:
Gaskiya ne, Malama, sai dai iyakar sama alkawari ce da ke buƙatar kulawa. Bayanan kunshin da aka riga aka ɗora a PyPI, ma'ajiyar kunshin Python ta intanet, ba sa gyaruwa, don haka duk ranar da sabuwar NumPy ta fito, dole mai laburaren ya gwada ta ya saki sabuwar sigar laburarensa, in ba haka ba ya sake toshe wa masu amfani hanya.

Sabon_Ɗalibi:
Na gode ƙwarai. Zan bar requests da iyakar ƙasa kawai, NumPy kuma in tsayar da ita ƙasa da siga ta 3.