Me za mu kira "kontak lens" da Hausa, da ciwon da yake jawowa?

Jama'a salamu alaikum, dan Allah ku tayani. Ina rubuta wa iyaye bayani kan yaran da idonsu ba ya ganin abin da ke nesa, sai na maƙale a kan kontak lens, wannan ɗan siririn abin da ake ɗorawa a kan ido kai tsaye maimakon tabarau. Mu nan a wajen amare muka fi ganinsa, mai launi, amma a Sin da Taiwan da Hong Kong yara ake sa wa wani mai tauri su kwana da shi, yana ɗan danne fatar gaban ido ta baje, da safe a cire yaro ya gani garau ba tabarau, kuma yana rage saurin ƙaruwar matsalar. Amurka ma a 2019 ta amince da MiSight, mai laushi na yini ɗaya, ga 'yan shekara 8 zuwa 12.

A cikin shawarwarin suna da aka riga aka ba ni, na ga masu cewa "gilashin ido", to ai tabarau muke kira haka tuntuni, kuma abin ba gilashi ba ne. Wani malam ya ce "tabaran ƙwaya", ma'anar ta fita amma kun san inda hankalin mutane zai tafi in sun ji ƙwaya. Wata hajiya ta kawo "mannau", wallahi shi ya kwanta min, gajere ne, bakin kowa zai iya, sai na daren ya zama "mannau na kwana". Wani ya ce ai ba gam ake sawa ba, a kan hawaye yake zama, gaskiya ne, amma duk wanda ya gani zai ce ya manne.

Sunan ciwon da mannau kan iya jawowa ne ya fi damuna fa. Kar mu ce apolo, domin apolo mutane jira suke ya wuce da kansa, wannan kuwa ƙwayar cuta ce ke cin fatar gaban ido. Akwai Pseudomonas da kan iya ɓarna cikin kwana biyu kacal, akwai Acanthamoeba da ke zaune a ruwan famfo da na rijiya, mai zafin tsiya ga wuyar magani. A farkon shekarun 2000 yara da dama masu kwana da mannau a ƙasashen can na Asiya sun kamu, kuma wanke mannau da ruwan famfo na cikin manyan dalilai. Ku tuna mu sau biyar muke kai ruwa fuska a yini.

Ni "gyambon ido" nake so, tunda in ya warke ma tabon da yake bari shi ne hakiya, kalmar da kakanninmu suka sani. Uwa in ta ji gyambo, ta ga idon yaro ya yi ja yana gudun haske yana kukan zafi, cire abin za ta yi ta nufi asibitin ido ranar. Likitocin ido da ke nan, gyambon ido ya yi ko kuna da wadda kuke faɗa wa marasa lafiya?