Neman shawara kan babbar jif ta iyali: Lexus LX 570, Land Cruiser ko Escalade?

Baban Yara, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida manyanmu da 'yan'uwa da ke wannan zaure. Shawara nake nema daga waɗanda suka riƙe manyan motoci har suka san halinsu, domin ni ban taɓa mallakar abin da ya wuce Camry ba, sai Highlander da nake hawa yanzu.

Idan za mu yi tafiya mu takwas ne: ni da maiɗakina, da 'ya'ya biyar, babbansu yana da shekara 16, autar kuma ba ta cika uku ba, sai Hajiya mahaifiyata wadda take zaune tare da mu, ciwon gwiwa kuma ya matsa mata. Duk wata muna kai ta ganin likita a Zariya, duk sallah kuma muna zuwa garinmu da ke bayan Soba, inda kwalta take ƙarewa a shiga hanyar burji wadda damina ke mayarwa taɓo. Harkar kasuwancina ma tana kai ni Abuja sau biyu ko uku a wata. Highlander ta yi mana kaɗan, har ta kai ga sai mun bar wasu yara a gida, ko mu ɗaura kaya a bisa.

Dillali ya nuna mini motoci uku. Akwai Lexus LX 570 da ya ce ta 2016 ce, an shigo da ita daga Amurka, da Land Cruiser V8 da aka kawo daga Dubai, da Cadillac Escalade mai dogon bodi ta 2017. Zuciyata ta karkata ga LX ɗin, amma kuɗin da za a fitar ba kaɗan ba ne, ba na so in saya saboda sha'awa alhali iyalina nake son hutarwa. Wacce ce za ta ɗauki mutum takwas da kayansu cikin walwala, kuma gyaranta ba zai durƙusar da mutum a nan Kaduna ba?

Bakanike, Panteka

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na fi shekara ashirin ina gyaran Toyota, saboda haka zan tsaya a kan abin da hannuna ya taɓa.

LX 570 da Land Cruiser da ake kira 200 uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Shasinsu iri ɗaya ne, kamfanin Toyota ya fara ƙera su a 2007 ya daina a 2021, bambancin kawai shi ne an ƙara wa Lexus ado da kayan jin daɗi. Injin LX ɗin silinda takwas ne mai lita 5.7, sarƙa ce take juya shi ba bel ba, kuma yana cikin injuna mafi juriya da na taɓa buɗewa, muddin ana ba shi baƙin mai mai kyau a kan lokaci. Inda yake yawan ba da matsala shi ne famfon ruwa da ke fara zuba, da saman lagireto wanda roba ce, takan tsage idan ta tsufa, ga kuma zafin da muke sha a Maris da Afrilu. Duka biyun gyara ne da muke gamawa a yini ɗaya, kayan kuma ana samunsu.

Abin da nake so ka zuba wa ido shi ne ƙafafun LX. Ba shokozoba irin ta sauran motoci take da ita ba. Tsari ne da ke aiki da wani mai na musamman da famfo, shi ne yake ɗaga motar ya kuma sauke ta. Yana da amfani a gare ka ƙwarai, domin motar tana iya russunawa idan ta tsaya, Hajiya ta samu sauƙin hawa, sannan ta ɗaga idan kun shiga hanyar garinku. Amma idan aka yi shekaru ba a canza man ba, ko ƙwallayen da ke riƙe iskar cikin tsarin suka mutu, sai motar ta riƙa tsalle kamar doki, gyaran kuma yana cin kuɗi sosai. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa an riga an cire musu wannan tsari an sa shokozoba ta gama-gari, kuma ba kowane mai sayarwa zai gaya maka ba. Ka tayar da motar, ka danna maɓallin da kanka, ka fita ka tsaya ka ga ta sauka ta kuma ɗaga a gaban idonka.

Sai batun shekara, wanda a nan ne aka fi cutar mutane. Akwai masu ɗaukar LX ta 2010 su canza mata fitilu da bamba da gaban gaba ɗaya, ta fito tamkar ta 2018. Tunda an ce daga Amurka ta zo, ka duba lambar shasi mai harafi da lamba 17: na goma a jerin shi ne yake nuna shekara, harafin G na nufin 2016, harafin A kuma 2010. Ƙari a kan haka, daga 2016 giyarta takwas ce, kafin nan shida ce, kuma masu canza fuska ba sa canza giya. Da wannan lambar za ka iya sa a bincika maka tarihinta a intanet, a ga ko ta taɓa yin mummunan haɗari ko ambaliya ta taɓa shanye ta, domin motar da ruwa ya shiga wayoyinta ba ta warkewa.

Escalade tana da ƙarfi, injinta lita 6.2 ne, tafiyarta a kan kwalta kuma akwai daɗi. Sai dai injin yana da tsarin kashe rabin silindoji don rage shan mai, wannan tsarin kuwa an san shi da lalata wasu sassa a saman inji. Kayanta sau da yawa sai an aika Ladipo a Legas, wani lokaci ma sai an yi odarsu daga waje, mota ta yi mako biyu a gareji tana jira. Ni dai, ga mai shiga ƙauye da damina, Toyota nake zaɓa masa.

Maman Shida, Barnawa

Assalamu alaikum. Malam bakanike ya yi bayanin inji, Allah Ya ƙara basira, amma akwai ɓangaren da mu mata muka fi sani, domin mu ne muke zama a baya da yara. Maigidana ya riƙe LX 570 shekara huɗu, kuma ina so Alhaji ya san abu ɗaya tun kafin ya biya kuɗi: girman da ake gani a waje ba shi ne a ciki ba.

Layin kujeru na uku a LX da Land Cruiser 200 na ƙananan yara ne. Daɓen wurin yana da tudu, wanda ya zauna sai gwiwoyinsa su tashi sama, kuma ko da an rubuta cewa yana ɗaukar mutum uku, yaro mai shekara 16 ba zai iya zama a can daga Kaduna har Zariya cikin jin daɗi ba, ballantana tafiyar da ta fi haka. Idan kuma aka buɗe kujerun nan, abin da ya rage a but bai wuce wurin jaka biyu ko uku ba. Idan aka naɗe su, ba sa shigewa ƙasa, gefe da gefe suke jingina, su ci wuri su kuma tare gilashi. To ku takwas ne, ba ku da damar naɗe su. Ina kayan sallah za su shiga, ina kular abinci, ina keken guragu idan wata rana Hajiya ta buƙace shi, ina buhun masara da doya da ake haɗo mutum da su idan zai dawo daga gida?

Sannan auta tana buƙatar kujerar yara wadda ake ɗaurewa da ƙugiya a layi na biyu. Na san da yawa a cikinmu a cinya muke riƙe yara, amma a gudun babbar hanya hannun uwa ba ya iya riƙe yaro idan aka taka burki da ƙarfi. Kujerar nan za ta cinye wuri guda, Hajiya za ta so gaba ko gefen ƙofa, kuma duk wanda zai shiga layi na uku sai an kwantar masa da kujera. Ka zauna ka lissafa wanda zai zauna a ko'ina tun yanzu.

Mahaifina ma'aikacin kamfanin Fijo ne a Kakuri, kamfanin da ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma a 504 mai layi uku muka tashi mu tara. Ba ta da sanyi, ba ta da kujerun fata, amma an ƙera ta ne da tunanin iyali. Abin da ya fi kama da ita a manyan jif na yau shi ne Toyota Sequoia ƙirar 2008 zuwa 2022, wadda muka koma bayan mun sayar da LX ɗin. Injinta ɗaya da na LX 570, babban mutum yana zama a layinta na uku ya miƙe ƙafa, kujerun kuma suna kwanciya su daidaita da daɓe. Sai dai a lura, wadda ake kira Platinum kujerunta bakwai ne, mai takwas sai a nemi Limited ko SR5. Ba ta da kwarjinin Lexus, cikinta ma roba ta fi yawa, amma yarana sun daina faɗa a kan wurin zama.

Ɗan Kasuwa, Malali

Maman Shida ta faɗi gaskiya game da wuri, amma ina ganin ba a yi wa Escalade adalci ba. Mai dogon bodi tana kusan mita 5.7, LX kuwa ɗan abin da ta haura mita biyar kaɗan ne, kuma yawancin wannan bambancin a baya yake. Ita kaɗai ce a cikin ukun da za ta ɗauki mutum takwas da akwatunansu lokaci guda, idan layinta na biyu benci ne ba kujeru biyu rabe ba. Na riƙe ta shekara uku ba ta kunyata ni ba. Abin da zan amince da shi shi ne tsawon nan yana wahalarwa wajen ajiye ta a cikin gari, kuma ban taɓa shiga da ita taɓo ba.

Amma Alhaji, duk wadda ka ɗauka a cikinsu, ka yi lissafin mai kafin lissafin kuɗin saye. LX 570 ta kai kusan tan 2.7 a nauyi, kuma a ƙiyasin hukumomin Amurka tana shan kimanin lita 16 zuwa 17 a kowace kilomita 100 idan aka haɗa tafiyar gari da ta babbar hanya. A cunkoson Ahmadu Bello Way da yamma, ga na'urar sanyi a kunne, ta wuce haka. Tankinta lita 93 ne. Idan muka ƙaddara lita a kan naira 900, cika shi sau ɗaya ya haura naira dubu 83. Kaduna zuwa Abuja kimanin kilomita 190 ne, zuwa da dawowa za ta sha wajen lita 60. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 na san gidaje da dama da jif ɗinsu ke lulluɓe da tamfol, sai ranar ɗaurin aure ake fito da ita. Shawarata ita ce kada ka sayar da Highlander. Ita za ta yi kai yara makaranta da cefane, babbar kuma a bar ta ga tafiyar iyali. Zuwa Abuja kai kaɗai, jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu ya fi maka sauƙi.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa amma dole ne. Baƙar jif mai duhun gilashi tana jan ido, kuma dukkanmu mun san abin da aka sha fama da shi a hanyoyin jihar nan. Ga mai zuwa ƙauye da mata da yara, motar da ba ta cika shela ba ta fi kwanciyar hankali. Ka kuma tabbatar da takardun kwastan a ofishinsu da kanka, kada ka tsaya ga kwafin da dillali ya miƙo maka.

Bakanike, Panteka

Na goyi bayan Maman Shida kan Sequoia, kayan injinta ma da yawa ɗaya ne da na LX, saboda haka ba za ka wahala ba. Abin lura kawai shi ne ta fi Land Cruiser faɗi da tsawo, ƙafafunta na baya kuma kowacce zaman kanta take yi, wanda ya sa ta fi laushi a kwalta amma ba ta kai Land Cruiser jure duka a mummunar hanya ba. Ka kuma tabbata mai jan ƙafa huɗu ce, domin akwai masu jan baya kaɗai da yawa a kasuwa. Land Cruiser ta Dubai ɗin nan ma ka duba ko tana da ƙaramin tanki na biyu, wanda yake kai jimillar man zuwa lita 138, ka kuma duba girman injin, domin akwai mai 4.6 akwai mai 5.7. Tayoyinta na inci 17 ko 18 sun fi na LX masu inci 20 ko 21 jure rami, sun kuma fi araha.

Baban Yara, Unguwar Rimi

Allah Ya saka muku da alheri, Ya bar zumunci. Na je jiya da yamma na duba lambar shasin LX ɗin kamar yadda Malam ya koya mini, harafi na goma G ne, ta kuma sauka ta ɗaga yadda ya kamata. Amma da na sa babban ɗana ya shiga layi na uku, gwiwoyinsa sun tokari kujerar gabansa, na kuma ga but ɗin da idona, maganar Maman Shida ta tabbata. Na ce wa dillalin ya nemo mini Sequoia mai kujeru takwas mai jan ƙafa huɗu, ranar Asabar in sha Allah zan kwashi kowa da kowa har da Hajiya da kujerar auta da akwatuna, mu gwada ta tare da Escalade ɗin a wuri ɗaya. Malam bakanike, idan kana da sarari da hantsi, ina so ka zo da na'urarka ta binciken inji, ka kuma leƙa mini ƙarƙashinta saboda tsatsa.